Baba Haruna da Tulin Duwatsun Harra

A wannan watan Baba Haruna ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ni ba ɗansa ba ne, ba mu kuma haɗa dangi ba. Direbanmu ne a kamfanin binciken ƙasa da ya ɗauko ni daga Jos zuwa Jidda. Amma shekara tara muka yi muna sa hannu a faranti ɗaya, kuma har yau in na tuna shi sai kewa ta rufe ni.

Aikinmu shi ne shiga harra, wato baƙin filin duwatsun nan da ke tsakanin Makka da Madina, inda tsaunuka suka taɓa aman wuta, narkakken dutse ya malala ya daskare. Muna bin inda ya kwarara a da don mu san inda zai iya bi gobe. Muna binne na'urar da ke jin motsin ƙasa, muna kuma zana busassun kwaruruka da ruwa ke biyowa ya auka wa gari. Mu ke da taswira da takardun digiri, shi ke da hanya. In ya ce mota ba za ta bi wuri ba muka yi masa gardama, to ranar sai mun canja taya a tsakar rana, yana gefe yana kallonmu.

Rabin abin da muke faɗa bai yarda da shi ba. Ranar da muka je arewacin ƙasar na nuna masa wasu zane-zane a jikin falalen dutse, na ce ƙanƙara ce ta ja jiki a nan a zamanin da, ta karce shi, sai ya taɓa goshina. "Ya Muhandis, rana ta buge ka. Yalla, maza shiga mota ka sha ruwa." Muhandis, wato injiniya, haka yake kira na. Washegari kuwa na ji shi yana ba mai shayi labarin, har da ƙarin gishiri.

Ba albashi ne ya kawo shi wannan aiki ba. Yana da shekara bakwai ayarinsu na alhazan ƙafa ya ratsa gefen harra za su Madina, uwarsa ta rasu a hanya. Ƙasa ta ƙi haƙuwa, sai aka jera mata duwatsu. Abin da ya riƙe kawai shi ne wani jan tsauni mai tsagaggen baki kusa da wurin. Ya girma a unguwar Nuzla ta Jidda, ya yi aure, ya aurar, amma zuciyarsa na kan kabarin nan. Wahalar ita ce harra cike take da tulin duwatsu. Akwai na mutanen da, akwai na makiyaya, akwai kuma namu da muke tarawa don alamar inda muka yi awo. Duk wanda muka zo wucewa sai ya rage gudu ya yi sallama. Abokan aiki suna dariya, ni ma ban wanke kaina ba.

Wata rana da hantsi muka tsaya kusa da wani jan tsauni. Ya sauka bai kashe mota ba, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi wani tuli ya durƙusa yana kuka. "Halas, shi ke nan, Muhandis. Ga ta nan." Amma ni na tara tulin nan da hannuna shekara biyu kafin nan, lokacin yana jinyar ƙafa wani direban ya kawo mu. Na buɗe baki, na dubi furfurarsa, na rufe. Na ce wa kaina ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma gaskiyar magana tsoro ne ya kama ni, ba hikima ba. Ni da aka ɗauko don in faɗi abin da ke ƙarƙashin ƙasa, na bar dattijo yana yi wa alamar awo addu'a.

Daga ranar ya daina rage gudu a sauran tulin. Duk fitar da ta bi ta wajen sai mun ratse, ya tsaya ya karanta abin da ya sawwaƙa, sannan ya ba ta labarin jikoki. Ya murmure, raharsa ta ƙaru. Ni kuwa kowace tsayawa nauyi take ƙara mini.

Matasan da ke ofishinmu a unguwar Safa ta Jidda yanzu ba su san fasa taya ba. Hoton tauraron ɗan adam ke nuna musu kowane tuli, suna zaune suna kurɓar gahawa. Tafiyar da ta cinye uwarsa, jirgin ƙasa na yin ta tsakanin azahar da la'asar. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga haka. Ina jin zai karɓi wayar, ya jujjuya ta, ya ce to a nuna masa wanne ne nata.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ciwo ya kwantar da shi na je asibiti, na ce, "Baba, akwai abin da na ɓoye maka game da kabarin Inna." Bai bari na ƙarasa ba. "Na sani, ya waladi, ɗana. Kai kaɗai ke tsayar da dogon dutse a saman tuli. Tun zuwanmu na biyu na gane." Na tambaye shi me ya sa ya ci gaba da zuwa. Ya ce, "Shekara hamsin ina nema, na gaji. Addu'a ta san hanyarta. Ni ne nake buƙatar wurin tsayawa." Ashe shekarun nan duka ina ɓoye masa don kada ransa ya ɓaci, shi kuma yana ɓoye mini don kada in ji kunya.

Bai bar gida ba, layin da ya zauna a Nuzla ma yanzu fili ne. Taswirorin da muka yi babu sunansa a ko ɗaya, alhali ba layin da muka ja wanda ba shi ya kai mu wurin ba. Abin da ya bar mini shi ne maganar nan ta asibiti, kuma sai bana na ji nauyinta. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a inda ba a nema.

Ina cikin harra ya rasu, ban samu jana'iza ba. A nan ba a rubuta suna a kabari, ɗan dutse ne ake sawa, duk iri ɗaya. Na daɗe ina ƙin zuwa don ban san inda zan dosa ba. Juma'ar da ta wuce na daure na je. Mai gadin maƙabartar ya miƙa hannu ya zagaye layi kusan goma, ya ce wajen nan ne. Na yi ta kai da komo, ilimin duwatsuna bai tsinana mini komai ba. Da na gaji sai na zaɓi ɗaya, na cire takalmi, na yi sallama, na fara gaya masa cewa autarsa ta haihu.