Yatsun Mai Lauje

Shekara arba'in da ɗoriya Mai Lauje yana shiga fadama, ruwa iya gwiwa, yana yanko iwa, ciyawar da matarsa ke saƙa asabarin ƙofa da ita. Ba mutum ne mai fara'a ba. In ka gaishe shi sau biyu, na biyun ka yi asara. Amma kan ciyawa ba a ja da shi.

A fadamar akwai wata ciyawa da masu sana'ar ke kira maƙaryaciya. Tsayinsu ɗaya da iwa, korensu ɗaya, wuri ɗaya suke tsirowa. Sai ta bushe halinta ke fitowa: asabarin da aka saƙa da ita ba ya ganin damina biyu, sai ya ruɓe ya zube. Ido ba ya raba su. Murzawa ake yi tsakanin babban yatsa da manuniya. Iwa sumul take juyawa, maƙaryaciya kuwa tana da ɗan kaifi uku da ke cije fata.

"Ko a mafarki ba ta isa ta ruɗe ni ba," haka yake faɗa wa masu yankan da ke kawo masa nasu ya duba. Yakan watsar da rabin damin mutum a ƙasa ba ko sannu.

Da ciwon sukari ya kama shi, yatsunsa suka fara mutuwa daga baki. Ranar da ƙaya ta shige masa bai sani ba sai da ya ga jini, ya zare ta ya jefar. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da murzawa kamar da, yana kai dami gida. Matar ba ta taɓa cewa uffan ba, asabarinta kuma bai taɓa dawowa daga hannun masu saye ba. Wannan ya kwantar masa da hankali, ya ce ashe hannun na nan.

Matar ta rasu da bazara, autarsu ta gaji saƙar. Wata rana jiri ya koro shi daga fadama tun kafin azahar. Ya tarar da ita a bayan madafa ta kwance daminsa na jiya, tana murza kara ɗaya-ɗaya, tana ware su kashi biyu. Kashin da ke kusa da murhu ya fi yawa.

"Ke, me kike yi wa ciyawata?"

Ta miƙe tana goge hannu a zani. "Baba, ba komai. Shanyawa zan yi."

"A bakin murhu ake shanya?"

Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar maganar ta fito. "Inna ce ta ce in riƙa yi kafin ka dawo. Ta ce in ƙone, kada ka gani."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu ke nan."

Sai ya tuna yadda marigayiyar ta daina aiken sayen itace, yana ta yi mata tsiya wai ta fara girki da iska. Ashe da kuskurensa ake dafa masa abinci. Kunya ta rufe shi, sannan baƙin ciki, don wadda ya kamata ya gode wa tana ƙasa.

Ya tsuguna, ya zaro kara biyu daga inda ba ta kai ga warewa ba. Ya murza na dama, ya murza na hagu. Ya rufe ido ya sake. Bai ji komai ba, kamar da hannun wani yake taɓawa.

"Wannan iwa ce," ya ce, ya miƙa mata na dama.

Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan murza. "Haka ne, Baba."

Ya tashi ya nufi ɗaki. A bakin ƙofa ya waiwayo, daidai lokacin da take tura karan cikin wuta.