Jirgin Baba da Sunana

Wata Asabar ce cikin watan Yuli, shekarar da na cika sha ɗaya, na tsaya a bakin wani ruwa mai launin kunun kanwa a bayan garin Birmingham na Ingila, ina kallon abin da aka ce shi ne gidan ubana. Jirgi ne na ƙarfe, dogo siriri, koren fentinsa duk ya ɓare, kaskon tumatir a kan rufinsa. Anti Laraba, ƙanwar Baba, wadda ta ɗauko ni daga filin jirgi, ta ajiye akwatina ta ce gobe da yamma za ta jira mu a tsakiyar gari, inda jirage ke ɗaurewa. In zama da shi ya yi mini, in ƙarasa hutuna a nan. In bai yi ba, ta wuce da ni gidanta. Sai ga Baba ya sunkuyo ta wata 'yar ƙofa yana goge hannu da tsumma. Ya dube ni, ya kawar da kai, ya ce, "Ke, kin iso? Shigo." Shekara shida rabona da shi, abin da na samu ke nan.

Ni a garin Greensboro na tashi, can ƙetaren teku, a wani gidan haya na bene a kan High Point Road, tun kafin a sake mata suna. Baba ya tafi Ingila karatu, karatu ya zama aiki, aiki ya zama shiru. Mama ce ta riƙe ni da aikin kula da tsofaffi. Ni ke kinkimar kwandon wanki zuwa ɗakin injunan wanki a ƙasa, ni ke yanka kuɓewa ranar Asabar, kuma da na ga ta juya baya sai in sulale filin ajiye motoci mu yi tsallen igiya da 'ya'yan maƙwabta. Ba a jimawa taga za ta buɗe: "Hannatu! Hannatu, zan ci ƙaniyarki!" A makaranta sun datse sunan sun mayar da shi Hana, na ƙyale su. Amma wanda duk ya kira shi cikakke, ko da zagi ya haɗa, na san nawa ne. Don haka tun a bakin ruwan nan na yanke a raina: in mutumin nan ya kira sunana sau ɗaya kafin mu isa gari, zan zauna. In bai kira ba, ya riƙe jirginsa.

Gari a kan tudu yake, ruwa kuwa ba ya hawa tudu, shi ya sa aka yi abin da suke kira lok. Rami ne na bulo mai ƙofofin katako gaba da baya. Jirgi ya shiga a rufe ta baya, a sa wani lanƙwasasshen ƙarfe a murɗa makarin ruwa, ruwa ya kwararo ya ɗago jirgin sama, sannan a jingina da gungumen ƙofar gaba a tura da baya har ta buɗe. Ka fita daga wannan, ga wani yana jiranka. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a cikin jirgi ɗaya a kan ganuwa. Baba ya ɗaura mini rigar hana nutsewa, ya miƙo mini ƙarfen, ya nuna mini sau ɗaya. Da na ga shi can ƙasa cikin rami, ni a sama, inji na ƙugi, sai na ce yawwa, yau dole ka kira ni.

Ina! Mutumin nan ya yi fito, ya tafa hannu, ya buga gefen jirgi da sanda. "Ke, murɗa!" "Ke, ya isa!" "Yarinyar nan, ƙofa!" Sai ka ce akuya ake kora daga shanya. Ni kuwa taurin kai gado na yi. Na juya masa ƙeya ina kallon agwagi kamar ban ji ba, har wani jirgi ya zo ya tsaya a bayanmu. Ya gwammace ya hau tsanin ƙarfe mai santsi da gansakuka, ya karɓi ƙarfen a hannuna ya murɗa da kansa, ya koma. Ya dafa shinkafa da wake, ya buɗe kifin gwangwani ya juye mini gaba ɗaya, na ture kwanon. Ya yi mini Hausa, na mayar masa da Turanci don ya ji haushi. Haka muka yi ta hawa ta bayan tsofaffin masana'antu, ƙarƙashin gadoji masu wari, ruwan cike da leda da kwalabe. Tafiyar da mota za ta yi kafin shayi ya huce, mu muka kwana a kanta.

Washegari, gine-ginen gari sun fara bayyana, wata tsohuwar Baturiya mai yawo da kare ta tsaya ta taya ni tura ƙofa. Ta leƙa ramin ta tambayi Baba ko 'yarsa ce, ya ce e. Ta ce yaya sunanta? Na saki ƙofar na kasa kunne. Baba ya yi wani ɗan murmushi, ya dubi ruwa, ya ce ta tambaye ni, ai ina da baki. A nan na gama yarda cewa ya manta sunan ne. Na ɗaga ƙarfen nan na wurga shi tsakiyar ruwa, kuma har yau ban ji na yi laifi ba. Baba ya ciro wani daga akwati. Sauran ƙofofin shi kaɗai ya yi su, hawa da sauka, ni ina tafe a ƙasa ta gefen ruwa, hannu a aljihu. Haka muka shiga tsakiyar gari, benaye na gilashi, mutane na shan kofi a bakin ruwa suna ɗaga mana hannu. Anti Laraba na tsaye. Na ja akwatina ban jira an tambaye ni ba. Ta ce, "Yaya, ka ce mata wani abu mana." Yana riƙe da igiya ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

A mota na fashe da kuka na faɗa mata komai. Ta riƙe baki. "Ke sakarya ce? 'Yar fari ce ke, kunyarki yake ji! Babanmu har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan Yaya ba." Da na dawo gida Mama ta ce gaskiya ne, ita ma da haka ta fara, ta watsar ranar da na yi hanyar titi da rarrafe, don kunya ba ta tsayar da mota. Sun zaci bayanin zai sanyaya mini rai, sai ma ya ƙara tunzura ni. Wannan alkunya ta gidan yawa ce, inda in uba ya yi shiru akwai kaka da goggo da kawu masu kiran sunanka har ka gaji. Shi ya ɗauko ta ya kawo cikin jirgin da daga ni sai shi, ga yarinyar da ta ƙetaro teku ita kaɗai. Wa ya bar wa kiran?

Yanzu ina unguwar Glenwood, nan cikin Greensboro, da mijina da ɗana na fari, Dauda, wanda nake kiran sunansa tun safe har ya ce, "Mama, na ji!" Bara Baba ya zo mana, gwiwa ta hana shi hawan tsani, ya sayar da jirgin. Yini yake a baranda yana "Dauda zo, Dauda zauna," sunan na fita daga bakinsa ba wuya. Ranar da zai koma, a filin jirgi, ya riƙe hannuna ya daɗe, leɓensa na motsi. Na tsaya cak, ni da na haura talatin. Ya ce, "Maman Dauda, Allah ya yi miki albarka." Na ce amin, na san iyakar ƙoƙarinsa ke nan. Har yau ban san yadda sunana yake a muryar ubana ba.