Wayar da Ta Ƙona Mini Dunduniya

Ranar wata Asabar gab da Babbar Sallah, ina 'yar shekara tara, na tarar da Baba a bayan gininmu na unguwar Xiaobei, can ƙasar waje inda muke zama, kansa cikin injin wata tsohuwar bas. Shi da ke aika kayan wuta Kano, ko kwan fitila bai taɓa ɗaurawa ba, amma ya rantse sai ya mai da bas ɗin nan ɗaki, ya kai mu mu ga teku. Ya sa katifa da fanka, da ƙaramin firij a can baya. Firij ɗin ne komai, domin Umma na da ciwon suga, allurarta kuma ba ta jure zafi. Ta ce muddin bai yi sanyi ba, mu tafi mu bar ta.

Batirin firij ɗin kuwa ya ƙi cika. Baba ya ce altaneta ce, wadda ke cajin batir, ta yi ƙanƙanta. Ya zaga shaguna ana ce masa "meyo", wato babu da yaren ƙasar, har ya samo babba. Duk da haka, da muka fita gwaji, ruwan gorar da muka sa a firij ya dawo da ɗumi. Na yi kuka sosai, don ban ga amfanin teku ba idan babu Umma.

A gwaji na biyu ina zaune a ƙasa ba takalmi, sai dunduniyata ta taɓa wani abu mai zafi ƙarƙashin darduma, na ƙwalla ihu. Wayar da ya haɗa batirin da ita ce, siririya, cikin samfurin da masana'antu ke ba Baba kyauta, waɗanda suka cika mana ƙarƙashin gado. Ya taɓa ta, ya janye hannu, ya fashe da dariya. "Hafsatu, ashe a hanya wutarmu ke zubewa!" Ya sayo waya mai kaurin yatsa, ya matso da batirin kusa da inji. Washegari ruwan gora ya daskare, Umma ta fara haɗa jaka tana cewa dama ta san zai gyaru.

Yanzu motocin lantarki sun cika garin har unguwar Tianhe, ba ƙara ba altaneta, bas ɗinmu ma an daɗe da sayar da ita. Ina kewar ƙugin injinta. Umma kuwa har yau tana ba jikokinta labarin ranar da ta tattare zani ta shiga teku, mu da muka matsa a je muna tsaye a bakin ruwa muna tsoro.