Tela da Maɓallan Direba

Tela ta haura shekara talatin a kan keken ɗinki kafin ta rufe shago. Ba ta iya ganin riga a karkace ta yi shiru. Ko baƙo ne a motar haya, in wuyan rigarsa ya naɗe, hannunta kan riga bakinta isa wurin. Bayan rasuwar ɗanta gidan ya yi mata faɗi. Da ta ji wata ƙungiya tana neman masu aikin sa-kai a gidan kula da tsofaffi a wata ƙasa, na rabin shekara, sai ta ba da sunanta.

Ƙanwarta ta ce, "Yaya, ke da kika kusa shiga layin tsufa, ke ce za ki je renon tsofaffin wasu?"

Ta ce, "Gara in je in ga wurin tun ina da ƙafata."

Aikin bai zo mata yadda ta zata ba. Ta ɗauka wanka za ta yi wa mutane, ta ba su abinci a baki. Ranar farko aka gaya mata ɗan sa-kai ba ya ɗaga kowa, ba ya taɓa magani, ba ya ciyarwa. Nata shi ne hira, tura keke zuwa lambu, da neman tabarau da ya ɓata. Akwai wata tsohuwa da kullum sai ta tsare ta a baranda ta ce ita ta sace mata silifa, silifan kuwa suna ƙafar tsohuwar. Akwai wani da yake kiranta da sunan yayarsa da ta daɗe a ƙasa, har ta gaji ta fara amsawa. Ƙofar gidan da lambobi ake buɗe ta, kuma da zarar ta haddace sai a canza.

Gidan hawa biyu ne. Na ƙasa na waɗanda ake sa ran za su koma gida ne. Na sama, wanda ya hau ya zauna ke nan, sai wani ikon Allah.

A ɗakin ƙarshe na ƙasa aka ajiye wani tsohon direban bas da kowa yake kira Direba. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi ta dama. Ƙafar ta fara dawowa, hannun ne ya ƙi. Matarsa tana gida ita kaɗai, tsohuwa ce ita ma, yatsunta sun ƙage da sanyin ƙashi. Sharaɗin sallamarsa a fili yake: ya kai kansa banɗaki, ya haɗa shayinsa, ya sa rigarsa da hannunsa. In ya kasa, sama.

Mai koya masa amfani da hannun wata ma'aikaciya ce doguwa marar yawan magana, ana ce mata Sista. Ita ta kai Tela ɗakin, ta ce, "Da safe ki zauna da shi yana shiryawa, kada ya faɗi ba kowa. Amma hannunki a baya. Ko zai kai azahar, ki bar shi."

Tela ta ce to.

Ta zauna ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: dattijo sa'an mahaifinta yana kokawa da maɓalli ɗaya, gumi yana tsattsafo masa, maɓallin yana zuwa bakin rami yana sulɓewa. Can ɗakin cin abinci ana ta ƙarar kofuna. Ya ɗago ya dube ta.

"An ce ke tela ce."

"Da can, Baba."

"Tela tana zaune, riga tana buɗe. A garinku haka ake yi? Shayina yana can yana zama ruwan wanki."

Ta dubi ƙofa. Ta tashi ta tura ta kaɗan, ta durƙusa a gabansa, kafin ya gama mita ta kai maɓallin wuya. A watannin ƙarshe na ɗanta a asibiti ita take sa masa kaya, don haka hannunta ya san yadda ake bi da jikin da ba ya taimakon kansa. Ta gyara masa kwala, ta kakkaɓe kafaɗa.

"Kin gani? Ko kwandastana bai kai ki sauri ba."

Abin ya zama al'ada. Tana shigowa zai ɗaga haɓa kamar mai jiran aski, ya fara ba ta labarin fasinjojin da ya sauke a hanya saboda rashin kunya. Ta riƙa gaya wa kanta ai da yamma yana matsa ƙwallon roba wurin Sista, nan ma motsa hannu ne. Kullum shi ne na farko a teburi, tsaf da shi, tsofaffin mata suna tsokanarsa wai ango.

Sista ma ta ga haka. Wata safiya ta tare Tela a baranda, fuskarta a sake, abin da ba a saba gani ba. "Direbanki ya ba ni mamaki. Na yi magana da likita, an matso da gwajinsa zuwa makon gobe. Na riga na kira matarsa."

Tela ta so ta faɗa mata gaskiya. Maganar ta zo har bakinta, sai ta tuna fuskar tsohon in aka ce kamar yaro ake sa masa riga a ɓoye. Ta haɗiye. Ta koma ɗakin ta ce, "Baba, daga yau kai za ka sa."

"Ranar gwajin zan sa."

"Hannu ba ya koyo a rana ɗaya."

"'Yar nan, na juya bas a lungun da keke ba ya juyawa. Maɓalli ne zai gagare ni? Zo ki yi, kada ki ɓata mini safiya."

Ta ƙi, ya yi fushi, ya zauna ƙirji a buɗe yana tari. Ta yi.

Ranar gwajin matar ta zo da wuri, da babbar rigar sanyinsa a hannu, wadda zai sa su tafi. Direba ya kai kansa banɗaki da sanda ya dawo. Ya haɗa shayi, ya zubar da kaɗan, likita ya ce ba komai. Aka miƙa masa riga. Ya zura hannu da kyar, ya kama maɓallin farko. Ya sulɓe. Ya sake, ya sulɓe. Can ya saki, ya juyo wajen da Tela take tsaye, ya ɗaga haɓa.

Ba wanda ya buƙaci bayani.

A baranda Sista ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona wa Tela rai ke nan. "Tun yaushe?"

"Tun farko. Shayinsa yana hucewa, Sista. Mutum da furfurarsa yana wahala a gabana, in naɗe hannu?"

"E. Aikin ke nan."

"To ki ba ni rigunansa. Kafin yamma zan cire maɓallan in sa masa zif, yaro ma zai iya ja."

"Ba riga muke aunawa ba, yatsu ne. Wanda bai iya maɓalli ba, ba zai ɓare magani ba, ba zai murɗa mabuɗi ba, ba zai kashe gas ba. Kin ga hannun matarsa. Da kin gaya mini, da ban kira likita ba, da har yanzu yana da gadonsa a ƙasa. Yanzu an rubuta ya kasa, kuma akwai mai jiran ɗakin."

"Sai yaushe za a sake?"

"In an sake, kin riga kin koma ƙasarku."

Matar ta fito ta wuce su a hankali, rigar sanyin a ninke a ƙirjinta. Ta ce wa Tela, "Sannu da ƙoƙari, 'yata." Tela ta rasa ko godiya ce ko me.

Da yamma aka hau da shi sama. Tela ta roƙi a mayar da aikinta can, aka ce ta je, da ma ba a rububin wurin.

Ɗakin sama tagarsa ba ta buɗuwa sai kaɗan. Da safe ta same shi a bakin gado, riga a kafaɗa. Bai gaishe ta ba. Ya ɗaga haɓa.

"Ai yanzu ba abin da ya rage. Sa mini."

Ta jawo kujera ta zauna, ta tura tafukanta ƙarƙashin cinyoyinta.

"Kin kurumce ne?"

"Ina ji, Baba."

"Da kika lalata ni ba ki san doka ba, sai yanzu da aka kawo ni ɗakin jiran mutuwa? Ki tashi ki koma inda kika fito. Tela marar amfani."

"Zan koma. Kafin nan dai, da maɓallin ƙasa za ka fara, ya fi sauƙi."

Ya zage ta, ya zagi Sista, ya zagi wanda ya ƙirƙiro maɓalli. Aka kwashe kofuna a ɗakin cin abinci, aka goge tebura, suna ji. Rana ta hau kan gadon. Ya samu biyu suka shiga, ɗayan ma a ramin da ba nasa ba, rigar ta ɗage ta gefe ɗaya ta bar cikinsa a waje. Ya ɗauki sanda ya nufi ƙofa a haka, yana huci.

Tela ta bi shi a baya, tana kallon ƙasa don kada ta ga rigar.