Baban Saba da Baƙin Allo

Kafin mu masu ba da kati mu iso asibiti, shi ya riga ya buɗe ɗan ɗakin nan mai sanyi da ke bayan ofishinmu. Zai cire takalmi, ya goge ƙura, ya kara kunne a jikin babbar na'urar da ake kira saba, wadda ke riƙe da bayanan majinyatanmu kaf. Shi ya sa muke ce masa Baban Saba. In an tsokane shi sai ya ce, "Ai ita ce autata, ga ta da shagwaɓa."

Shagwaɓar kuwa ita ce, duk sanda wuta ta ɗauke ba shiri, in an kunna ta sai ta bi faifan ajiyarta tana dubawa kafin ta fara aiki, wani sa'in tun hantsi har azahar. A da, allonta baƙi ƙirin yake zama. Ba ka sanin aiki take yi ko ta mutu.

Ranar da ya tafi jana'izar yayansa, hakan ta faru. Layi ya kai bakin ƙofa, mutane na ta mita. Wani abokin aikinmu ya zaci ta sandare, ya kashe ta ya sake kunnawa, sakamakon gwaje-gwajen jini ya lalace. Cikin masu jira akwai wata mata goye da 'yarta, jikin yarinyar zafi rau. Aka ce ta dawo a sake ɗibar jinin. Ba ta dawo ba. Daga baya maƙwabciyarta ta kawo mana labarin rasuwar yarinyar.

Ko sakamakon zai cece ta, Allah ne masani. Amma da aka gaya wa Baban Saba, sai ya zauna a benci. Abokin aikin namu ya durƙusa gabansa yana hawaye.

"Tashi, ɗana," in ji shi. "Wanda aka bari a duhu dole ya yi lalube. Ni ya kamata in sa na'urar nan ta yi magana."

Ba wanda ya sa shi. Makonni ya yi yana gwadawa a wata tsohuwar kwamfuta, har ranar da allon saba ya fara nuna inda dubawar ta kai, da gargaɗi a ƙasa: Kada a kashe, ana aiki. Bai tsaya nan ba. Ma'aikatan jinya shaida ne, da kansa yake fita wurin masu jira. "Iya, an ci rabi, je ki sha ruwa ki dawo. Malam, saura kaɗan."

Baba, kai ne ba ka taɓa riƙe allura ba, amma ka san ciwon mai jira. Gishiri, ba a ganin ka a miya, sai an rasa ka.

Yanzu ciwon ido ya ci ƙarfinsa, likita ya ce ganin ba zai dawo ba. A satinsa na ƙarshe a wurin aiki wuta ta sake ɗaukewa. Na same shi ya kai fuskarsa dab da allon, yana ta ƙifta ido.

"'Yata, nawa ta kai?"

"Kashi saba'in, Baba."

"To, je ki gaya musu. Ni ƙafata ba ta gane hanyar."

Na fita na faɗa musu.

Ya yi ritaya ba taro ba jawabi, matarsa ce ta zo ta riƙe hannunsa suka fita. Baba, mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Ku kuma da jama'a ke zaune a ƙofarku, ko me kuke yi, ku leƙo ku ce musu ga inda aka kai.