Abokina da ya kwana a tashar jirgi a Turai

Shekarun baya, bayan an gama yankan riɗi a Fashaga, abokina ya dawo Gadarif daga Turai ganin gida. Ni kuwa lokacin ba ni da zance sai na tafiya can. Har rigar sanyi na saya, ina gwada ta a ɗaki ina zufa.

Na kai shi ya gaida mahaifiyata. Ta shimfiɗa mana tabarma a rakuba, rumfar tsakar gida, ta ɗora jabana, wato gahawa, a wuta, ta fara tambaya.

"Ɗana, gidan naka na can hawa nawa ne?"

Ya yi murmushi. "Hajja, sai da na yi sanyin shekara guda ina kwana a tashar jirgin ƙasa."

Ta ajiye mafici. Ya ce wurin aikinsu aka rufe, mai gida kuma ya ƙara haya, sai ga shi a waje da jaka. In ya nemi aiki a ce ina yake zaune, in ya nemi ɗaki a ce ina yake aiki.

"To, ai kai baƙo ne," in ji ta.

"Wanda ke kwana kusa da ni ɗan ƙasa ne, tsohon direban bas. Matarsa ta rasu, ya kama giya, gida ya kuɓuce masa."

"Ba shi da 'ya'ya? Ba maƙwabcin da zai ce masa shigo?"

"Yana da ɗa, amma ba sa magana. Gidaje kuwa ga su nan, tsada ce ta hana shiga."

Ta tambaye shi yadda ya fita. Ya ce wata ƙungiya ce ta ba su mabuɗi, shi da tsohon, kowa da ɗakinsa, ba tare da sharaɗin sai sun gyara halinsu tukuna ba. "Sai da na samu ƙofar rufewa na yi barcin kirki, sannan na iya neman aiki. Shi ma tsohon daga baya ya fara zuwa asibiti."

"Mahaifiyarka ta sani?"

"Hotuna nake turo mata, Hajja, ina tsaye a ƙofar gidajen mutane."

Ta ƙara masa jabana.

Ni dai ban tafi ba. Da yaƙi ya koro mutane Gadarif, na ga malamai da 'yan kasuwa suna kwana a ajujuwan makaranta, na gane namu "shigo" ɗin ma yana da iyaka. Har yau in na ga mutum kwance a bakin kasuwa, nakan so in zauna in tambaye shi, da can a wane gida yake.