Tekun Malam Rabe

"To, bayan mutum ya hau kan dutsen ƙanƙarar, ya sulalo ƙasa a kan katako, sai kuma me? A ba shi lada?" in ji Malam Rabe, yana ɓarar gyaɗa, ko kai bai ɗaga ba.

"Shi ne zai biya, Baba," Naja'atu ta amsa, tana shafa fuskar wayarta. "Suwizalan kenan. Ita ce ta farko a jerin ƙasashen da aka ce a je da hunturu."

"Ya biya ya sha sanyi. Allah Sarki! Da sun nemi shawarata, da na kai su tashar Funtuwa da sassafe, su sha har su ƙoshi, kyauta. In ma sulu suke so, ai akwai dutse a garin."

Da hantsi ne, a tsakar gidan Malam Rabe da ke Ƙarfi. An gama kaka, masara ta shiga rumbu, sanyi ya fara taɓa ƙashi. Naja'atu ita ce autarsa, tana koyarwa a wata firamare a Malumfashi, ta zo ganin gida. Hansai, matarsa, na gefe a kan tabarma tana bakace gyaɗar da yake ɓarewa.

Naja'atu ta ci gaba da karantowa. Akwai wata ƙasa can ƙuryar arewa, Finlan, inda ake kama ɗakin gilashi don a kwanta ana kallon wani koren haske a sama.

"Ɗaki babu sirri, kowa na ganin ka da gajeren wando, kuma ka biya," in ji Malam Rabe. "Ci gaba, Auta. Yau ina ƙaruwa."

"Sai kuma na masu gudun sanyin. Sukan tafi Zanzibar, ko wasu tsibirai, Maldibs. Ɗakinka a bakin teku, iska mai ɗumi, ga kifi ɗanye sharaf."

"Yawwa! Yanzu kika zo kan masu hankali." Ya kakkaɓe hannu, ya gyara zama. "Ai abin da nake yi kenan shekara ashirin da takwas. Sanyi na kunno kai sai in nufi bakin teku. Su su ce yawon buɗe ido, mu mu ce cin rani. Suna ne kawai ya bambanta."

Hansai ta ajiye faifai a hankali.

"Ashe haka ne, Malam? To, bana da ni za a je."

Gyaɗar da ke hannunsa ta suɓuce.

Duk Ƙarfi babu wanda bai san Rabe Mai Teku ba. Tun yana ɗan shekara talatin, da zarar an ɗaure dawa, sai ya rataya jaka ya yi kudu, ba a sake ganin ƙeyarsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya yi Badun, ya yi Anacha, ya leƙa Ikko, daga ƙarshe ya tsaya a Fatakwal. Manomi ne na gaske, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu: kunyar gonarsa miƙaƙƙiya ce, kuma da abin da yake samowa a kudu ya rufa gidansa da kwano, ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya kai auta makaranta. Amma da kayan da yake dawowa da su, labari ya fi komai nauyi.

A bakin Malam Rabe, Fatakwal ƙanwar Aljanna ce. Motar da yake shiga tana da sanyi, kujerarta ta fi gado laushi. Masaukinsa na kallon teku, da safe iska ke tashin sa kafin ladan. Kifi kuwa har ya gundure shi, wani lokacin sai ya roƙi a ba shi tuwon dawa don canji. A teburin mai shayi ana ba shi tsakiyar benci. In gardama ta tashi kan girman jirgin ruwa, ko kan yadda kwakwa take fita, shi ake jira ya yanke hukunci.

Abin da bai cika shiga labarin ba shi ne, motar mai sanyin tirela ce, sanyin kuwa na Allah ne, don a kan buhunan masara ake zama kwana biyu. Aikin, dako ne a kasuwar albasa. Masaukin rumfa ce da su goma sha ɗaya suke jera kawunansu a kan buhunan da aka zazzage. Akwai ruwa a bayanta, wannan gaskiya ne, har yana gudu. Mutanen unguwar dai kwata suke ce masa. Tekun kanta sau ɗaya ya taɓa hango ta, a Ikko, daga kan gada, ta tagar bas, wani ƙaton mutum ya tare masa rabi.

Shekara uku kenan yana dawowa da tari mai kama da turmi na daka. Shekara uku kuma Zaharaddeen, ƙanen Hansai, yana yi masa tayin wani yanki a fadamar bayan gari, ya zauna su yi noman rani, tumatir da attaruhu, ga injin ban-ruwa. Malam Rabe kan yi murmushin mutumin da ya ga duniya, ya ce, "Bar wa waɗanda ba su da wurin zuwa." Bana Zaharaddeen ya ce zai jira zuwa Laraba, in ba haka ba ya ba wani. Larabar nan ce kuma tirelar su Malam Rabe za ta tashi daga Funtuwa.

Saura kwana huɗu, Malam Rabe ya shiga aikin rushe ginin da ya yi shekara ashirin da takwas yana ɗorawa, amma a hankali, kada ya faɗo masa a kai.

Ranar Lahadi ya ce wa Hansai hanya da nisa, bayanta ba zai ɗauka ba.

"Da kujerar da ta fi gado laushi?" in ji Hansai. "Ai ina jin ma can bayan zai warke."

Ranar Litinin ya ce abincin can sai wanda ya saba.

"Kada ka damu, Malam. Kifin da ya gundure ka, ni sai in taya ka. Ba na son a riƙa almubazzaranci."

Ranar Talata ya kawo maganar awaki da kaji, wa zai duba su? Ta ce ta riga ta yi magana da maƙwabta. Ya ce ruwan sama ba ya ɗaukewa a can. Ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar lema, ta buɗe ta a tsakar gida, ta juya ta ya gani. Har ta aika an ɗinko mata atamfa, don kada ta kunyata shi a gaban manyan mutanen da yake shan iska da su. A ranar nan tuwon Malam Rabe bai wuce loma biyar ba.

Laraba da safe ya idar da lazimi, ya ɗauko jakarsa, ya fito yana sanɗa kamar mai bin kaza. Sai ga Hansai a kan turmi a bakin zaure, ta sha sabuwar atamfa da hijabi, jakar bakko a gabanta, lema a kan cinya.

"Ina kwana, Malam. Na ce kada in makara, direba ya ba wani kujerata. Ta gefen taga nake so."

Ya tsaya. Ya dubi jakar, ya dubi lemar. Tarin nan ya taso masa, ya riƙe bango sai da ya lafa. Sa'an nan ya ajiye tasa jakar, ya zauna a kan dakali.

"Hansai, motar nan ba ta da taga."

"Subhanallahi! Sata aka yi?"

"Tirela ce. A kan kaya ake zama."

"To, ai in an isa sai a huta a bakin teku."

Ya daɗe yana murza hularsa. "Tekun ma," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "akwai ɗan gyara a maganarta."

"Ƙafewa ta yi?"

Sai ya faɗa mata. Ya faɗi rumfar, da mutum goma sha ɗaya, da buhun da yake ɗauka a wuya daga safe zuwa la'asar, da kwatar da sauronta ya san kowa da suna. Ya faɗi garin kwaki da suga, wanda a labari yake zama kifi. Bai taɓa jin maganarsa ta yi gajarta haka ba. Abin da yakan kwashe damina guda yana bayarwa, ga shi ya ƙare kafin kaza ta gama shan ruwa.

Hansai ba ta yi salati ba, ba ta riƙe baki ba. Ta dai gyara zaman lemarta.

"Malam, ni nake wanke kayanka duk shekara in ka dawo. Ban taɓa zuwa teku ba, amma ban yi zaton warin albasa take yi ba. Kafaɗar rigunanka kuma, na ce oho, wataƙila iskar can ce take cinye yadi."

"Kin sani, kika bar ni ina ta zuba?"

"Kana dawowa da wuya a sanƙare, in hana ka ɗan abin da kake jin daɗinsa? Da kana da ƙarfinka na bar ka da tekunka. Yanzu kuwa na rasa gane wa ke cin wani, kai da ranin." Ta dafa jakar bakko. "Ban fasa ba, ka sani. In ka hau tirelar nan, ina bayanka. In buhu ne, a shimfiɗa mini nawa, mu zama goma sha biyu. In mutuwa ce a can, a kawo mu tare."

Ya san ta. Matar da ta taɓa bin ɓarawon akuya har Matazu a ƙafa, ba tirela ce za ta ba ta tsoro ba.

"To, mutane fa?" ya ce. "In suka gan ni a gari da rani, me zan ce musu a wajen mai shayi?"

"Ka ce bana ka zaɓi ziyartar wata ƙasa da ba ka taɓa gani ba. Ƙarya ka yi? Yaushe rabonka da ganin Ƙarfi da rani? Mangwaron nan na bayan ɗakinka, kai ka dasa shi, ka taɓa ganin furensa? Kullum sai dai ka tarar da ƙwallo a ƙasa. Ga masauki kyauta, ga tuwon dawar da kake roƙo don canji. Ruwa ma akwai a fadama. Ba shi da girman naka, amma ana iya wanke hannu da shi."

Malam Rabe ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Can daga bakin titi aka jiyo hon ɗin a-kori-kurar da ke kwasar masu tafiya Funtuwa, sau ɗaya, sau biyu, sa'an nan ƙararta ta yi nisa.

Ya miƙe, ya tura jakarsa cikin zaure da ƙafa.

"Zaharaddeen yana gida ko yana fadama?"

"Tun da asuba yake can. In ka yi sauri ka same shi kafin ya ba wani."

Ya saɓa fartanya, ya fita, ya karya dama, ya kama hanyar da ke zagayawa ta kan gada, wadda ya saba bi duk damina.

"Malam!" Hansai ta ƙwala masa kira daga bakin ƙofa. "Ina kuma za ka? Da rani ta cikin rafi ake ratsawa, babu ruwa. Ko in haɗa ka da ɗan rakiya, tunda baƙo ne kai?"

Ya juyo, ya wuce ta gabanta yana gyara hula, ya gangara ta cikin yashi, ya nufi inda ƙarar injin ke tashi.